Zanen Baƙo a Bangon Mai Gida: Marot, Pillement da Maganar Aro

Akwai wani labari da littattafan tarihin fasaha na Faransanci suke son maimaitawa. Wai a ƙarni na 17 da na 18 Faransa ta zama rana, sauran ƙasashen Turai kuwa suna zaune suna shan hantsi. Duk sarkin da ke son fadarsa ta yi kyau sai ya aika Paris a kawo masa mai zane, mai zanen ya zo da ado a aljihu, ya manna a bango, shi ke nan. Masanin tarihin nan Louis Réau har littafi ya fitar a 1938 wanda sunansa ma ke cewa Turai ta zamanin nan ta Faransa ce. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don da gaske masu zanen Faransa sun bazu daga Lisbon har Rasha. Amma labarin ya bar rabin magana a ƙasa, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafarmu.

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, don haka da ma'aunin da na sani zan auna. Mu a nan kullum muna rayuwa da kalmomin aro. Bafaranshe ya zo da kalmarsa ta shugaban jiha, bakin Bahaushe ya ga baƙaƙe biyu sun haɗu a farkonta ba wasali, ga kuma wani sauti da ba mu da shi, sai ya gyara ta ta koma farfe. Haka lakwal, haka kaye, haka mushe. Duk wanda ya zauna ajin ilimin sauti ya san cewa ba harshen da ya ba da kalma ke yanke hukuncin yadda za ta zauna ba. Harshen da ya karɓa shi ke yankewa. To abin da nake son nunawa shi ne ado ma haka yake, kuma mai zanen da ya je ƙasar wasu ana gane nagartarsa ne ta yadda ya saurari gidan da ya sauka. Zan ɗauki mutum biyu: Daniel Marot da Jean Pillement.

Wane irin zane ake nufi

Ba zanen hoton mutum ko na daji da ake ratayewa a bango nake magana ba. Zanen ado zayyana ce da ake yi a takarda don wani ya aiwatar: masassaƙi ya fitar da ita a katako, maƙeri ya lanƙwasa ta a ƙarfe, masaƙi ya saƙa ta a siliki, mai tangaram ya shafa ta a faranti. Mai zanen sau da yawa ba ya taɓa guduma. Yakan zana, a karce zanen a kan allon tagulla, a shafa tawada, a buga kofe ɗari ko fiye, a sayar cikin ƴan kundaye na shafi shida ko goma sha biyu. In kun lura, wannan ɗan littafin da ke hannunku ɗan uwansu ne. Bugun tagulla shi ne fotokopin wancan zamani: baƙi da fari, mai araha, mai saurin ƙetare iyaka. Kafinta a Landan zai iya sayen shafin da aka buga a Amsterdam, ya ɗauki abin da ya yi masa, ya watsar da sauran, ba tare da ya taɓa ganin mai zanen ba.

Kafin mu je ga mutanen biyu, a dubi sunayen da Faransanci ya raɗa wa ire-iren adon nan, don suna ba ya ɓoye asali. Arabesk, wato irin na Larabawa. Gurotesk, daga kalmar Italiyanci ta kogo, saboda a ƙarshen ƙarni na 15 ne mutanen Roma suka riƙa zurara cikin ɗakunan fadar Nero da ƙasa ta binne, suka ga zanen bangonsu suka kwaikwaya. Shinwazri, wato irin na Sin. Kuma shi kansa adon fadar Faransa, ai Italiyawa ne suka dasa shi: Sarki François na 1 ya kira Rosso a 1530 da Primaticcio a 1532 suka ƙawata masa Fontainebleau. Ashe ranar da ake cewa ta haska Turai, ita ma a gidan maƙwabta ta ɗebo wuta.

Marot: wanda aka kora

An haifi Daniel Marot a Paris wajen 1661, ɗan Jean Marot, wanda shi ma mai zanen gine-gine ne kuma mai karta tagulla. Ya tashi cikin salon fadar Louis na 14, salon da Jean Berain ya fi kowa iya shi: komai bibbiyu, dama ta amsa hagu, igiyoyin ado suna naɗewa suna warwarewa, ganyaye, tuntaye, fuskoki. Amma Marot Furotesta ne. A watan Oktoba na 1685 Louis ya soke dokar Nantes, wadda tun 1598 ta ba Furotesta damar yin addininsu. Kimanin mutum dubu 200 suka fice daga ƙasar, cikinsu da masaƙa, maƙeran azurfa, masu agogo da masu zane. Marot ya nufi Holan.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Littafi zai ce Faransa ta aika fasaharta waje. Gaskiyar ita ce ta kori mai fasahar, shi kuwa ya je ya shiga hidimar William na Orange, babban abokin gabar Louis, wanda a 1689 ya hau gadon sarautar Ingila tare da matarsa Mary. Marot ya yi aikin ɗakuna da lambun fadar Het Loo, ya zana fasalin lambu a Hampton Court, ya ƙawata zauren Trêves a birnin Hague inda ake karɓar jakadu. An tattara zanensa an buga a 1703, aka sake bugawa da ƙari wajen 1712. A Hague ya rasu a 1752, ya kusa shekara 70 a ƙasar da ba tasa ba.

Me ya sa nake ganin aikinsa ya zauna? Abu na farko, shi ɗaki yake zanawa gaba ɗayansa. In ka dubi shafinsa na ɗakin kwana, za ka ga gado mai rumfa ya tashi har kusa da rufi, labulensa da gezarsa, sannan kujeru, madubi, bango da rufin duk suna maimaita lanƙwasa ɗaya. Kamar jimla ce da kowace kalma ta dace da ƴar uwarta a jinsi da adadi. Wannan nahawun daga Paris ya zo da shi, kuma bai taɓa sakinsa ba.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kalmomin da ya cusa cikin nahawun na gari ne. Holan ba Versailles ba ce. Ƙasa ce ta ƴan kasuwa, gidajen bulo, filaye ƙanana, kuma jiragen kamfaninsu na Gabashin Indiya suna sauke tangaram na Sin da Japan a tashoshinsu. Sarauniya Mary tana tara tangaram ɗin nan kamar me, tare da na garin Delft mai shuɗi da fari. To sai Marot ya zana murhun ɗumama ɗaki wanda aka yi wa ƴan matakai da ƴan kantoci tun daga baki har sama, kowane da gurbin kofi ko tulu ko faranti, madubi a baya yana ninka su. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jere, kwalla kan kwalla har rufi, zai gane hikimar nan take: kayan da aka saya don ci da sha sun koma bango, bangon kuma yana faɗin arzikin mai ɗakin. Ba daga Louis Marot ya samo wannan buƙata ba. A gidan da ya sauka ya tarar da ita, ya ba ta tsari.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Marot ba ya barin ido ya huta. Wasu gadajensa, don yawan tuntu da naɗe-naɗen karan-miski, sai ka rasa ta inda mutum zai shiga ya kwanta. Yana tsoron fili kamar mai magana da ke tsoron shiru. Kuma ya daɗe a kan salo ɗaya har Paris ta wuce shi. Amma duk da haka, abin da ya bari ya shiga jinin wurin, har Ingilishi suka sa wa salon zamanin sunan William da Mary, ba sunan Louis ba. Kalmar aro da ta kai matsayin da masu harshe suka manta baƙuwa ce, ita ce ta yi nasara.

Ba shi kaɗai ba ne. Jean Tijou ya ƙera ƙofofin ƙarfe na Hampton Court da na majami'ar Saint Paul, ya buga littafin zanensa a Landan a 1693, maƙeran Ingila suka yi ta ɗiba. Nicolas Pineau ya tafi Rasha a 1716 a zamanin Peter Babba, ya zana sassaƙen katakon ɗakin karatun sarkin a Peterhof, ya yi kimanin shekara goma, sannan ya dawo Paris ya zama ɗaya daga cikin jagororin salon rokoko. Wato hanyar ba mai zuwa kaɗai ba ce, akwai mai dawowa.

Pillement: wanda ya zana inda bai je ba

Jean Pillement ɗan Liyon ne, garin masaƙan siliki, an haife shi a 1728. Shi ba korarsa aka yi ba, kasuwa ya bi. Tun yana saurayi ya tafi Madrid, ya wuce Lisbon, ya zauna Landan a shekarun 1750, ya je Vienna a 1763, ya yi wa Sarki Stanislas Auguste na Poland aiki a Warsaw, a 1778 aka naɗa shi mai zanen Sarauniya Marie-Antoinette, ya sake komawa Portugal, daga ƙarshe ya rasu a Liyon a 1808 cikin talauci, bayan juyin juya hali ya share masu sayen irin kayansa.

In maganar hannu ake, wallahi Pillement ya fi Marot. Layinsa ba nauyi. Ya watsar da dokar dama ta amsa hagu. Zai zana ɗan tsibiri yana reto a iska, tsani siriri ya tashi daga shi zuwa wata rumfa da ke rataye a reshen fure, ƙararrawa a kowace kusurwa, wani ɗan mutum mai dogon gashin baki yana kamun kifi daga sama, wani yana lilo, wani riƙe da laima. Farin takarda a wurinsa ba fili ne da za a cike ba, iska ce da abubuwan ke shawagi a ciki. Shi ya sa zanensa ya dace da kowane abu. A Landan, mai buga littattafai Robert Sayer ya zuba zanensa da yawa cikin wani kundi na wajen 1760 da aka yi don matan gida masu yanka hoto su manna a akwati su shafe da fenti mai ƙyalli. Daga nan zanen ya hau yadin auduga, faranti, takardar bango, azurfa. Daga baya matarsa Anne Allen ta karta wasu a tagulla ta buga su da launi, kuma suna cikin mafi kyawun abin da ya bari.

To ina matsalar? Pillement bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Sin ɗinsa daga jikin faranti da akwatunan da ƴan kasuwa suka kawo ya tsinto ta, da zanen Faransawan da suka gabace shi irin su Watteau da Boucher, sauran kuma ya ƙaga. Kun san yadda yara ke yi in sun fito daga kallon fim ɗin ƴan Sin, su riƙa cin-can-con suna dariya, wai suna Sinanci. Sun kama karin, sun kama tashi da faɗuwar murya, amma ba kalma ko ɗaya a ciki. Shinwazrin Pillement haka yake, sai dai shi gwani ne, kwaikwayonsa da daɗin ji. Mutanen da ke cikin zanensa ba sa noma, ba sa karatu, ba sa shari'a, ba sa fushi. Ƙasar da ta ƙago takarda da tangaram ɗin da Turai ta yi ƙarnoni tana neman sirrinsa, ta koma ƙasar ƴan tsana masu lilo.

Shi ya sa a ganina furanninsa sun fi mutanensa. Yana da jerin zanen furanni da ba su tsiro a ko'ina ba: ganye kamar gashin tsuntsu, ƴaƴa kamar fitila, ƙaya da ta koma geza. A nan ƙagensa halal ne, don fure ba shi da dangin da za su ce an yi musu ƙarya. Da ya ɗora wannan ƙagen a kan al'umma mai rai, sai abin ya canza.

Abin da za a iya ce mini

Na san wani a cikinmu zai ce: kai malam, ado ne fa, ba littafin tarihi ba. Wa ya taɓa neman gaskiya a jikin labule? Kuma ai su ma Sinawan sun yi haka. Masu tangaram na can sun riƙa zana abin da Bature ke so don su sayar masa, Sarki Qianlong kuma ya sa an gina masa fadoji irin na Turai a lambunsa na Yuanmingyuan, inda wani Bafaranshe, Michel Benoist, ya haɗa masa maɓuɓɓugan ruwa. Kowa ya yi mafarkin kowa.

Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Ba na cewa a daina kallon Pillement, ni ma ina jin daɗinsa. Amma a gwada shi da wani ɗan ƙasarsu na zamaninsa. Jean-Denis Attiret, ɗan ɗariƙar Jesuit, ya isa Sin a 1738, ya zauna Beijing yana yi wa Qianlong zane har ya rasu a 1768. An ba shi sunan Sinanci, Wang Zhicheng. Dole ta sa ya rage inuwa mai duhu da ya koya a Turai, ya koma zane a kan siliki yadda fada ke so. A 1743 ya rubuta wasiƙa yana bayyana lambun Yuanmingyuan, yana yaba yadda aka tsara shi ba tare da miƙaƙƙun layuka ba, wasiƙar da aka buga a Turai ta shiga tunanin masu tsara lambu. Attiret ya ga wuri, ya koyi harshe, ya bar wurin ya gyara masa hannu. Pillement kuwa ya sayar wa Turai Sin da ba ta iya ba da amsa.

Kuma abin da ke jikin labule ba ya tsayawa a labule. Yaron da ya tashi yana shan shayi a kofin da aka zana Basine kamar ɗan tsana, da wuya ya girma yana ganinsa sa'ansa. Ba na ɗora wa Pillement laifin abin da ya faru bayan mutuwarsa. Ina dai lura cewa a 1860 sojojin Faransa da na Ingila sun wawashe wannan lambun da Attiret ya yaba, sannan na Ingila suka banka masa wuta, kayansa kuma suka ƙare a gidajen Turai a matsayin ado. Raini ba ya farawa da bindiga. Sau da yawa da wasa yake farawa.

Hannuwan da ba su da suna

Saura abu ɗaya da labarin rana da hantsi ya binne. Takardar Marot ba ta zama ɗaki da kanta ba. Akwai magina ƴan Holan, masu tangaram na Delft, masu aikin farar ƙasa da suka zo daga Italiya, masu ɗinkin labule. Kowannensu ya karanta zanen da lafazin garinsu, ya rage nan, ya ƙara can, gwargwadon katakon da ke akwai da kuɗin mai gida. Amma sunan da ke ƙasan shafin na mutum ɗaya ne, don shi ke da allon tagulla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya mallaki hanyar buga takarda shi tarihi ke tunawa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ku zaga unguwar Birni a Damagaram ku dubi zanen da ke fuskar gidaje, dagi da sauransu, ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. Wannan ma zanen ado ne, da nahawunsa, da kalmominsa, da aron da ya yi daga sirdi da fata da allo. In baƙo ya ɗauki hotonsa ya buga, me ake rubutawa a ƙasa? Adon gargajiya na Hausa. Ba suna, ba shekara, kamar bangon ne ya haifi kansa. Mun san Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, saboda aikinsa ya ci kyautar Aga Khan a 1986 aka rubuta sunansa. Sauran fa? Marot da Pillement sun mutu fiye da shekara 200, amma ɗalibi a Maraɗi zai iya buɗe intanet ya ga shafukansu a taskar Rijksmuseum ko ta Victoria and Albert, da suna da shekara. Maginin da ya zana soron unguwarku wataƙila jikansa na nan da rai, kuma ba wanda ya taɓa zuwa da kaye da bik ya tambaye shi.

Saboda haka hukuncina a kan mutanen biyu shi ne: Pillement ya fi hannu, Marot ya fi kunne, kuma ga mai aiki a ƙasar wasu kunne ya fi. Duk lokacin da aka nuna mana wani ado aka ce na Faransa ne, ko na Larabawa, ko namu, tambayoyi uku sun ishe mu: daga ina mai zanen ya aro, wa ya aiwatar da hannunsa, kuma waɗanda aka zana ko aka zana wa, an saurare su? Masu zuwa hutu Damagaram ko Tawa a cikinmu, a taimaka a dawo mana da sunayen magina da sunan da su da kansu suke kiran kowane zane. Mu buga su a fitowa ta gaba, ko da baƙi da fari ne.